Minti Goma na Farko da Majinyacin da Hankalinsa Ya Tashi

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Daga nan Ingila nake muku magana. Wannan ɗaki da kuke gani na koyarwa ne, babu majinyaci ko ɗaya a ciki, domin ƙa'idar aiki ba ta yarda a haska mara lafiya a bidiyo ba. Masu karatun jinya sun sha tambaya: idan mutum ya harzuƙa a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, me nas zai fara yi? To ku biyo ni.

Bari in juya kyamara ku ga kujerun nan biyu. Ba sa kallon juna ido da ido, an ɗan karkatar da su, kuma kowannenmu zai iya kai wa ƙofa ba tare da ya tsallake ɗan'uwansa ba. Kada ka tsaya tsakanin mutum da ƙofa. Wanda ya ji an rutsa shi, tsoro ne zai sa ya kai hannu. Ka bar tazarar kamar tsawon hannu biyu, hannayenka a fili, ba a aljihu ba, ba a harɗe a ƙirji ba. Wannan igiyar katin aiki da ke wuyana, ku duba, da an ja ta sai ta ɓalle daga baya. Wannan ƙaramar na'ura da ke ƙuguna kuma ta kiran ɗauki ce, kuma a farkon aiki ake gwada ta, ba sai rigima ta taso ba. Ko ma'aikata huɗu ne a wurin, mutum ɗaya ne zai yi magana.

Ka faɗi sunanka da aikinka, ko da jiya kun gaisa. Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani kawai: "Na ga tun ɗazu kana ta kai da kawo. Me ke faruwa?" Ka guji "me ya sa ka yi kaza", don a kunnen mai jin tsoro tuhuma ce. "Kwantar da hankalinka" ma ba ta cika amfani ba, sau da yawa ƙara zuga wutar take yi. Jimla gajera, tambaya ɗaya a lokaci guda.

Daga nan sai shiru, kuma a nan sababbin ma'aikata suka fi faɗuwa. Kun yi tambaya, daƙiƙa uku ba amsa, sai ku jefa wata. Mai tsananin baƙin ciki tunaninsa tafiyar hawainiya yake yi, mai jin muryoyin da wasu ba sa ji kuwa maganarka na gogayya da wasu maganganu a cikin kansa. Ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki.

Idan ya ce wata murya na masa magana, kada ka yi musu da shi, kada kuma ka gaskata cewa akwai mai maganar. Musu zai mayar da kai abokin gaba, gaskatawa kuma za ta ƙara dasa abin a ransa. Abin da ake cewa shi ne: "Ni dai ba na jin ta, amma na yarda kai kana ji, kuma na ga ta firgita ka. Me take ce maka?" Wannan tambaya ta ƙarshe dole ce, saboda akwai muryar da zagi kawai take yi, akwai wadda ke ba da umarni a cutar da kai ko wani.

Haka batun kashe kai. Kai tsaye ake tambaya: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce e, sai a bi: akwai shiri? Da me? Yaushe? Ya taɓa gwadawa? In ya ce sai ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, kada ka ɗauki wannan alkawari. Ka gaya masa a fili cewa likita da shugaban ma'aikatan jinya za su sani. Da amsarsa ake yanke matakin sa ido: leƙawa duk sa'a, ko duk minti 15 zuwa 30, ko kada ya ɓace wa ido, ko ma'aikaci ya kasance kusa da shi iya miƙa hannu. Mai leƙawa lokaci-lokaci ya riƙa sassaɓa mintunan, don kada a haddace zuwansa.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Ba duk tashin hankali ne daga ƙwaƙwalwa ba. Mutumin da aka fara ba Haloperidol, wani maganin lalurar ƙwaƙwalwa, kwanan nan, ya kasa zama, yana ta musanya ƙafa a tsaye, ka tambaye shi: "Ranka ne a ɓace, ko ƙafafun ne suka ƙi tsayawa?" In ƙafafun ne, mai yiwuwa illar maganin ce da ake kira akatisiya, kuma ƙara masa maganin ƙara masa azaba ne. Mai shan Lithium, maganin daidaita yanayin rai, da ya fara gudawa, amai, karkarwar hannu sosai da tangaɗi, maganin ne ake zargi ya taru a jini. A dakatar da kashi na gaba, a kira likita, a ɗebi jini. Dattijon da ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, a auna zafin jiki, sukari da iskar oksijin da ke cikin jini, a duba fitsari da bayan gida kafin a ce ciwon ƙwaƙwalwa ne. Mai shan Clozapine kuwa, shi ma maganin lalurar ƙwaƙwalwa ne, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko taurin bayan gida ba abin jira ba ne.

Ka ba shi zaɓi biyu waɗanda da gaske za ka iya cikawa: ɗakin da babu hayaniya, ko zagaya farfajiya tare da kai. In magani ya zama dole, na haɗiya ake fara tayi. In sai da aka kai ga allura, aiki bai ƙare ba: ana bibiyar numfashi, bugun zuciya, hawan jini da yadda yake farkawa aƙalla duk sa'a, ko duk minti 15 in ya yi barci ko ya sha giya ko ƙwaya.

A nan Ingila, in wanda ya kwanta a asibiti da yardar kansa ya dage sai ya fita alhali akwai haɗari, sashe na 5(4) na dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ya ba nas na wannan fanni ikon tsare shi har sa'a 6 kafin likita ya iso. Ko a nan ma sai ka yi masa bayanin abin da ka yi da dalilinsa.

A takardar rahoto kuma, kada ka rubuta "ya yi faɗa". Ka rubuta ƙarfe nawa, me ya faru gabanin haka, kalmomin da ya furta yadda ya furta su, me aka ce masa, da abin da ya sa ya sauko, don nas na dare ya san ta inda zai ɓullo masa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a kan miƙa rahoto lokacin canjin aiki.