Kafin ka biya kuɗin a-kori-kura ta hannu, fara shiga ƙarƙashinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar a-kori-kura zamu yi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya irin su Hilux da 'yan uwanta, kuma ba da mai zuwa kamfani ya yage leda nake ba, da kai nake ɗan uwa, kai da ka saida shanu ka haɗa da kwasar adashi da ɗan abinda kaka ta bari, kana so ka samu motar da zata riƙa kai maka buhuna Dawanau ko ta kwaso kwandunan tumatir daga Kadawa, ranar da babu aikinka kuma ta fita haya ta kawo na cefane.

Mu fara da aljihu. A ce miliyan 10 ce a hannunka, to don Allah kar ka je neman motar miliyan 10, nemi ta 8 ko 8 da rabi, sauran ka ɓoye kamar babu shi. Duk motar hannu da zaka saya sai ta ci kuɗi a watan farko, ko taya ko batir ko birki ko takardu, ga la'adar dillali ga sallamar bakanike, kuma yanzu kayan gyara sun yi tashin da ba a magana tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta zo ta haura 1,500 a 2024. Na sha ganin mutum ya ƙarar da kuɗinsa kaf a ranar ciniki, ya kawo mota gida ana ta Allah sanya alheri, bayan sati biyu kuloci ya ƙone, shikenan tana ƙofar gida an rufe ta da tamfol har damina ta wuce.

Sai ka tambayi kanka wane aiki zata yi maka. In kayanka cikin gari ne, katan-katan daga Singa zuwa shago, ko buhunan fiya wata, ko bulo kaɗan, wallahi kurkura ta isheka, irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, man da zata sha bai kai rabin na babbar ba. In kuma hanyar ƙauye ce mai rairayi da taɓo to nan ne ake maganar babba. Kuma mai gida biyu, wadda ke da kujerun baya, ta fi tsada alhali bodinta ya fi gajarta, in dai kaya ne gabanka mai gida ɗaya ta fi maka. Irin waɗannan manyan motoci abinda aka ƙera su su ɗauka wajen tan 1 ne, kaga buhu 10 kenan na masara mai kilo 100, mu kuwa mun san nawa ake lafta musu a nan, shi yasa nake cewa ka riƙe wannan lissafin a ranka don zamu dawo kansa.

Kowa Hilux yake so kuma da gaskiyarsu, kayanta na nan birjik a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, bakaniken ƙauye ma ya san cikinta. Amma sunan nan kuɗi ake biya masa. Kuɗin da zai baka Hilux da ta gama galabaita zai iya baka Mitsubishi L200 ko Nissan ko Isuzu mai sauran ƙarfi. Abinda zan ce kawai kafin ka ɗauki wata daban, ka taka da ƙafarka kasuwar kayan gyara ta garinku ka tambayi kuɗin kuloci da famfon ruwa da nozul na wannan motar, in kaga ana ta kiran waya ana cewa sai an aiko daga Legas, ka san abinda zaka tarar a gaba kenan. Tsohuwar Fijo 504 ma, wadda kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasar nan da ita, har yau tana bin kasuwannin ƙauye saboda kowa ya iya gyaranta, sai dai samun mai lafiyayyen jiki yanzu sai an tona.

A Hilux ɗin ma inji iri-iri ne. Akwai na gas tsofaffi, 3L da 5L, basu da turbo, basu da gudu, amma akwai haƙuri. Akwai 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 da suka zo a ƙirar da aka yi daga wajen 2005 zuwa 2015, sun fi ƙarfi sun fi jan kaya, amma nozul ɗinsu baya son gas mai datti ko mai ruwa, in ka saba sayen na jarka a bakin hanya zasu saka kuka. Sai na fetur 2TR mai lita 2.7, ya fi sauƙin sha'ani amma yana shan mai, kuma tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. In na KD ne ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, ka'idarsa kilomita 150,000, in ya tsinke mota na tafiya injin ne zai tafi da shi. In mai motar ya fara inda-inda ka saka kuɗin sabon bel a lissafinka kawai.

To yanzu ga inda nafi so ku tsaya ku saurara, ƙarƙashin mota. A-kori-kura ba kamar ƙaramar mota bace, bodinta a ɗore yake kan wasu dogayen ƙarafa biyu, shasi kenan, su ne ƙashin bayanta. Inji ya lalace a canza, giya ta lalace a canza, shasi in ya karye ko ya karkace kuwa ka sayi wahala ne da kuɗinka.

Wani yayana ya taɓa sayen wata fara tas, fenti na ƙyalli, kujeru an saka musu sabuwar riga, dillalin yana ta rantsuwa wai wani Alhaji ne ke zuwa gona da ita ranar Lahadi kawai. Ni na raka shi kuma ni ma ban duƙa ba, wannan abin har yau yana cina. Ranar da muka kaita gareji canjin baƙin mai aka hau da ita kan rami, bakaniken ya haska tocila ya ce Alhaji zo ka gani. Daidai bayan gidan direba, inda bodi ya fara, an yi walda an ɗora wani faranti na ƙarfe an shafe shi da baƙin fenti mai kauri har da ƙasa aka watsa a kai don ya saje. Ya sa sukundireba ya ɗan karta, fentin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ga tsagewa nan ta fara bin gefen waldar. Sifirin na baya kuma an ƙara masa ganye har uku kowane gefe, kaga motar da ta shekara tana ɗaukar kaya ninkin ƙarfinta kenan. Kyan ɗan maciji. Da asara ya rabu da ita, shanu biyu suka tafi a banza.

Don haka ka tafi da tocila da ɗan ƙaramin guduma da tsohon buhu na shimfiɗawa, ka kwanta ka bi ƙarfen nan daga gaba har baya. Kana ƙwanƙwasawa kana saurare, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, wanda tsatsa ta ci kuwa zaka ji shi dum-dum har gari na zubowa. Duba inda sifirin ya kama shasi, duba ko akwai sabon fenti a wuri ɗaya kawai. Sannan ka koma bayan motar nesa kaɗan ka tsuguna ka kalleta, in ɓari ɗaya ya fi sauka ko bodi da gidan direba basu daidaita ba, akwai labari.

Masu son tokumbo 'yar Amurka ko Kanada irin su Tacoma ku ƙara kula, can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara kuma gishirin nan cin ƙarfe yake. Ba ƙaramar magana bace, a 2016 sai da Toyota ta amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasi a Tacoma ta 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Wasu kuma ambaliya ce ta cinye su aka saida a gwanjo, ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙusoshin ƙasan kujera ko sun yi tsatsa. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana nan, 'yar Amurka ana iya bincika tarihinta a intanet da kuɗi kaɗan.

Inji kuma ka ce da mai motar kar ya tada ta sai ka zo, ka je da sassafe ka ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi an riga ka. Injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa. A tada kana tsaye ta wajen salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, ringi sun tafi. Fari mai yawa da baya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ka zargi gasket. Baƙi kuma yawanci nozul ne ko iska bata isarsa, wannan da sauƙi-sauƙi. Buɗe murfin baƙin mai inji na aiki ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba, in yana tsalle hayaƙi na bugowa injin ya kusa neman aiki. Juya murfin ka gani, in akwai wani abu kamar madara ruwa na haɗuwa da mai. Zaro sandar gwajin mai ka murza a yatsa, in ya yi kauri kamar zuma an zuba mai nauyi ne don a rufe bakin injin. Lagireto kuma tun injin na sanyi zaka buɗe, kar ka kuskura ka taɓa shi da zafi, a tada ka ga ko ruwan na tafasa ƙwal-ƙwal da kumfa.

Lambar kilomita da ke kan allo kar ta ruɗe ka, mayar da ita baya ake yi. Kalli robar kan birki da kuloci, kalli sitiyari da gefen kujerar direba, su basa ƙarya.

Ka tuƙa da kanka ko direbanka, kuma ba zagayen layi ba, a hau titi a saka giya duka har ta ƙarshe, a shiga gargada a kashe rediyo a saurara. In da hali a ɗora mata buhu biyar shida a hau gangare, nan kuloci mai zamewa ke bayyana, zaka ji inji na ihu mota bata gaba. In mai ogzilari ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, a gwada a kan rairayi ba kwalta ba, kuma ka leƙa ka tabbatar sandar da ke kai ƙarfi tayoyin gaba tana nan, don wasu cireta suke in ta lalace su saida maka da kuɗin mai ogzilari. Tayoyi akwai lamba 4 a gefe da ke nuna lokacin da aka ƙera su, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Ka kuma lura ko juya sitiyarin aka yi daga dama zuwa hagu, mu tun 1972 muka koma bin hannun dama na titi kuma juyin da aka yi a gareji abin tsoro ne a motar kaya.

Bakanike naka zaka kawo, wanda kai zaka biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Kuma ba a cinikin biri a sama, hoton Facebook ko WhatsApp da "turo kafin alƙalami kar wani ya riga ka" ya raba mutane da yawa da kuɗinsu.

Takardu. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka daga Kwatano ta shigo ka buɗe ido sosai, kwastan na iya tare ka a hanya su karɓe mota da kayanka a kai. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe, da ta takardar kwastan, da ta lasisi, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya su zama iri ɗaya, in kaga alamar an goge wurin ko an sake bugawa ka kama gabanka. Ka je ofishin kwastan a duba maka an biya kuɗin fito da gaske. Hilux na cikin motocin da ɓarayi ke so, saboda haka a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa, ka biya ta banki zuwa sunan da ke kan takarda, sannan ka yi canjin suna da wuri kar ka ce sai an kwana biyu.

In Allah ya sa ciniki ya faɗa, kafin buhu ɗaya ya hau bayanta ka wuce da ita gareji da kuɗin nan da ka ɓoye, a juye baƙin mai da man giya da na aksul, a canza filtocin mai da na iska, a wanke lagireto, a buɗe birki duka huɗu a gani, in ta gas ce a sauke tanki a wanke shi. A bidiyo na gaba zamu shiga Ƙofar Ruwa tare in nuna muku yadda ake bambance kuloci na asali da jabu. Sai mun haɗu, Allah ya sa a saya a sa'a.