Rawar Mutuwa a Tallin

Jama'a, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da muryata, a nan ciki ba a ɗaga murya. Ina tsohuwar cocin Niguliste a Tallin, babban birnin Estoniya, wadda yanzu ta koma gidan tarihi. A waje kam sanyi kamar zai tsinke wa mutum kunne.

Ga abin da ya kawo ni. Zane ne, sunansa Rawar Mutuwa, aikin Bernt Notke, mai zane daga birnin Lubek na Jamus, a ƙarshen ƙarni na 15. Tsawonsa mita 7 da rabi. Bari in matso da kyamara.

Daga hagu mai wa'azi ne a kan mumbari. Kusa da shi ƙwarangwal ya zauna yana busa wata irin algaita mai salka, wani kuma ya saɓo akwatin gawa. Sai layi ya fara: Paparoma da hularsa mai hawa uku, babban sarkin daula, sarauniya, kadinal, wato babban malamin coci, cikin jajayen kaya, sannan sarki. Kowanne da ƙwarangwal ɗinsa, sanye da likkafani, yana jan sa. Ku dubi hannun sarkin daular: takobi alamar hukunci, dunƙulen zinariyan nan kuma duniya ce a tafin hannunsa. Bai sake su ba, amma ana jan sa. Ƙwarangwal ɗin ne kaɗai ke ɗaga ƙafa, manyan sun sandare kamar an dasa su.

Mu mukan ce mutuwa rigar kowa. Mutanen Turai da annobar 1347 zuwa 1351 ta share wa kakanni sun fi mu sanin wannan. Abin da ya tsayar da ni dai, ko Mutuwar ma ba ta ɓata tsarin fada ba. Na addini, na sarauta, na addini, na sarauta, kowa a muhallinsa, kamar jerin hakimai ranar hawa. A wani zane irin wannan da aka yi wa Lubek a 1463, layin ya gangara har kan manomi da jinjiri a ƙarshe.

To a nan ina manomin? Ku biyo ni dama. Ga sarki, ga ƙwarangwal na bayansa ya miƙa hannu, shi ke nan zanen ya yanke. Ragowar ta ɓace tuntuni, mutum 13 suka saura har da ƙwarangwal ɗin, kuma cikin masu rai, ban da mai wa'azi, duk masu rawani ne.

Baitocin da ke ƙasa da tsohon Jamusanci suke, bari in nemo fassararsu.