Dakta Hayat Sindi da Gwajin Hanta a Kan Takarda

Jama'a masu sauraronmu a Makka da Jidda da Madina, da duk inda muryar nan ta riske ku, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata 'yar Makka ne, Dakta Hayat Sindi, wadda sunanta ya zaga manyan jami'o'in duniya, alhali da yawa daga cikinmu da ke zaune a garin haihuwarta ba mu san abin da ta yi ba.

An haife ta a Makka a 1967, a gida mai 'ya'ya takwas. A 1991 ta tafi Ingila neman ilimi ba tare da tana jin Turanci ba. Ku tuna wane zamani ake magana. A lokacin mace ba ta fita ƙasar nan ta Saudiyya sai da izinin waliyyinta, kuma sai da ta daɗe tana lallashin iyayenta kafin su sake ta. Da ta isa Landan ta fara da koyon harshen, har da sauraron labarai don kunnenta ya saba, sannan ta samu shiga King's College, inda ta karanci ilimin yadda magunguna ke aiki a jikin mutum, ta gama a 1995. Daga nan ta wuce jami'ar Cambridge. A 2001 ta karɓi digirin digirgir a fannin fasahar halittu, ita ce mace ta farko daga ƙasashen yankin Tekun Fasha da ta kai wannan matsayi a fannin. A shekarun nan an matsa mata ta ajiye lulluɓinta wai don ta dace da duniyar kimiyya. Ba ta ajiye ba, kuma ta gama.

Waɗannan shekaru da digirori su ne ake yawan karantowa idan an zo gabatar da ita a taro. Ni kuwa abin da ya fi kama ni shi ne aikin da ta zaɓa ta yi da ilimin bayan ta same shi.

Tun a Cambridge hankalinta yana kan na'urorin gano cuta. Ta yi aiki a kan wata ƙaramar na'ura mai haɗa ƙarfin maganaɗisu da motsin sauti don gano ƙwayoyin sinadari a cikin ruwa. Bayan haka ta je jami'ar Harvard a Amurka, ta shiga ɗakin binciken Farfesa George Whitesides, inda ake ƙoƙarin amsa wata tambaya: shin za a iya ɗauke aikin ɗakin gwajin asibiti a ɗora shi a kan takarda? A 2007 ita da abokan aikinta suka kafa wata cibiya ba ta neman riba ba, mai suna Diagnostics For All, don kai gwaji ga kowa da kowa. A 2008 shirin nasu ya ci gasar makarantar kasuwanci ta Harvard, ya kuma ci gasar dala 100,000 ta jami'ar MIT, daga baya gidauniyar Bill da Melinda Gates ta sa kuɗi a ciki.

Bari in kwatanta muku abin, domin a nan maganar take. Guntuwar takarda ce da ba ta wuce girman kan sarki ba. Ana zana mata siraran hanyoyi da kaki, saboda ruwa ba ya ƙetare kaki, dole ya bi inda aka bar masa. A soki ɗan yatsa, a ɗiga jini ɗigo ɗaya. Wani siririn mataci a sama zai riƙe jajayen ƙwayoyin jinin, ruwan jinin ya wuce, takardar ta ja shi da kanta kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila. Babu famfo, babu batir, babu wutar lantarki. Ruwan zai isa wasu ƙananan ɗigo-ɗigo da aka shafa wa sinadarai, sai launinsu ya sauya. Cikin kamar minti 15 ma'aikacin lafiya zai kara takardar da jadawalin launuka, ya ga ko hantar mutum tana lafiya ko ta fara ciwo. In yana shakka, ya ɗauki hoto da waya ya tura wa likita a birni. In an gama a ƙone takardar, shi ke nan.

Me ya sa suka fara da hanta? Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san amsar. Maganin wata 6 ake sha, watanni 2 na farko ƙwayoyi iri 4 a haɗe, kuma 3 daga cikinsu suna iya taɓa hanta. Haka wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Hanta kuwa ba ta saurin kuka. Idan ta fara lalacewa takan zubo wasu sinadarai cikin jini tun mutum yana yawonsa yana cin abincinsa, kuma waɗannan sinadarai ne takardar ke kamawa. Kafin ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, a ce shawara ce a shiga neman saiwa, ɓarnar ta riga ta yi nisa. A ƙasashe masu hali ana auna jinin irin wannan majinyaci a kai a kai, in an ga alama a sauya masa magani. A ƙauyen da babu wuta, ba firiji, ba mai sarrafa injin, sai a miƙa masa ƙwayoyin a ce Allah ya ba da lafiya. Maganin da aka ba shi don ya rayu shi ne zai iya kai shi ƙasa, don kawai babu mai dubawa.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Muna zaune kusa da asibitocin da ke da injuna na zamani, amma mun san tsohuwar da ke unguwar Shari'a Mansur ko Misfala a Makka wadda igamarta, wato takardar izinin zamanta, ta mutu, ba inshora, da za ta tsaya a ƙofar mustausaf, wato ƙaramin asibiti, tana lissafin riyal nawa ne awon jini, daga ƙarshe ta juya ta shiga saidaliyya, wato kantin magani, ta sayi maganin ciwon jiki ta koma gida. Mun san kuɗin da muke turawa Kano da Damagaram da Sakkwato, rabinsa a mota da awo yake ƙarewa kafin a kai ga magani. Nisan da ke tsakanin majinyaci da ɗakin gwaji ba kullum ake auna shi da kilomita ba. Mun kuma ga amfanin gwaji da idonmu: tun 2004 ƙasar nan ta wajabta awon sikila kafin aure, a 2008 aka ƙara da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma gidaje nawa ne wannan awo ya raba da kuka?

Gaskiya biyu ya kamata a faɗa, domin yabon da ya wuce gona da iri ba girmamawa ba ne. Ta farko, ba ita kaɗai ta ƙera takardar ba. Aikin tawaga ne, da malamai da ɗalibai da injiniyoyi, kuma rabonta a ciki ya haɗa da fitar da shi daga ɗakin bincike zuwa gaban masu kuɗi da masu mulki. Ta biyu, an gwada takardar a kan majinyata a Biyetnam, amma har yau ba ta zama abin da za ka tarar a kowane ƙaramin asibitin karkara ba. Ƙera abu daban, samun izinin hukuma da masana'antar da za ta buga miliyoyi da gwamnatin da za ta saya daban. Abin da aka yi don talaka ba ya da mai rububinsa a kasuwa, wannan kuwa abin takaici ne ƙwarai.

Ina ganin wannan darasi ne ya sa ta karkata ga wani fagen. A 2011 ta kafa cibiyar i2 a Jidda don horar da matasa masu ƙirƙira yadda za su mayar da bincikensu sana'a. A 2012 UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta naɗa ta jakadiya. A Janairun 2013, da Sarki Abdullah ya sanya mata 30 a Majalisar Shura mai kujeru 150, karo na farko a tarihi, tana cikinsu. Daga baya ta zama mai ba shugaban Bankin Raya Ƙasashen Musulmi shawara kan kimiyya da fasaha, bankin da hedkwatarsa ke nan Jidda, wanda a 2018 ya buɗe asusun dala miliyan 500 don tallafa wa masu ƙirƙira. Najeriya da Nijar da Sudan duk mambobin bankin ne.

To, iyaye, ga inda maganar ta iso gidajenmu. Na san za a ce Hayat Sindi 'yar ƙasa ce, hanyarta ba irin ta 'ya'yanmu ba ce, kuma haka ne. Yarinyarmu da aka haifa a unguwar Jarwal ko Karantina takan gama sakandare a sashen kimiyya da sakamako mai kyau, sai ƙofar jami'a ta yi mata ƙunci saboda rashin takardar zama 'yar ƙasa. A da wasu kan nufi Khartoum, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe wannan hanya. Saura Kano, Zariya, Maiduguri, Yamai, kuma a nan ne uba kan tsaya ya ce ina zan tura 'ya mace ita kaɗai. Tsoron na gaskiya ne, ba na raina shi. Amma mahaifin Hayat Sindi ma a Makka yake, ya ji irin wannan tsoro, kuma inda ya sake ta ta je ya fi Zariya nisa, ba dangi, ba harshe. Mu kuwa 'yarmu gidan kawunta za ta sauka, ko na goggonta.

Ƙungiyoyinmu na unguwa sun iya tara kuɗi. In aure ya tashi ko an yi rasuwa, kafin la'asar an haɗa abin da ake buƙata. Ina roƙon shugabanninsu, a zaman da za a yi na gaba a kawo sunayen 'yan matan da suka gama sashen kimiyya bana suna zaune a gida, a lissafa kuɗin jirgi da na rajista na shekarar farko, a nemi wanda zai riƙe su a can, a fara da ko mutum biyu ne.

Wassalamu alaikum.