Hanyar Keke Mai Bin Bayan Ruwa a Kudancin Italiya

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi taswirar Italiya da ke gabanku. Ƙasar ta yi kama da dogon takalmi, kuma can wajen dunduniyar takalmin za mu je yau, yankin da ake kira Puliya, da maƙwabtansa Basilikata da Kamfaniya. Ƙasa ce ta tuddai, garuruwa da yawa a kan tsauni suke zaune. Amma a tsakiyar waɗannan tuddai akwai wata siririyar hanya da mai keke zai yi ta murza feda a kanta ba hawa ba gangara, ba ƙarar mota, sai kukan tsuntsu da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ta yaya aka samu miƙaƙƙiyar hanya irin wannan a ƙasar duwatsu? Ƙishirwa ce ta haife ta.

Puliya ba ta da manyan koguna. Yawancin ƙasarta dutsen farar ƙasa ne mai ramuka kamar soso, da an yi ruwan sama sai ya tsiyaye ya shige ƙarƙashi. Tun zamanin Rumawa, mawaƙi Horas, wanda aka haifa a garin Venosa shekara 65 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kira ta ƙasa mai ƙishi. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna tara ruwan sama a rijiyoyin da suka sassaƙa cikin dutse, kwalara da zazzaɓin taifot suna yi musu ɗauki ɗai-ɗai.

A 1906 aka fara aikin da ya sauya komai. Can yamma, a wani ƙaramin gari mai suna Kaposele, akwai idon ruwa mai ƙarfi da ke ciyar da kogin Sele, wanda ke gangarawa tekun yamma. Sai injiniyoyi suka kama ruwan, suka huda tsaunukan Apennini, suka juya masa fuska gabas. Ranar 24 ga Afrilu 1915 ruwan ya ɓulɓulo a tsakiyar birnin Bari. Babbar magudanar tana da tsawon kilomita 244, kuma ba inji ke tura ruwan a cikinta ba, da kansa yake gangarawa. Don haka dole aka gina ta da sassauƙar gangara, wadda ba ta kai rabin mita a kowace kilomita ba. Inda aka ci karo da tudu, a huda shi. Inda aka ci karo da kwari, a gina gadar dutse ruwan ya bi ta sama. A bayan magudanar kuma aka bar 'yar hanya ta ma'aikatan da ke duba ta. To, wannan hanyar ma'aikata ce masu keke suka gada.

A 2016 gwamnatin Italiya ta sa ta cikin manyan hanyoyin keke na ƙasa. Daga Kaposele zuwa Santa Mariya di Leuka, bakin teku a ƙarshen dunduniya, tafiyar ta kai kimanin kilomita 500. Sai dai kada hotuna su ruɗe ku, ba duka aka gyara ba. Wani wurin hanyar keke ce sumul, wani wurin burji ne, wani wurin kuma ƙaramin titin ƙauye za ka bi.

Farkon tafiyar shi ne mai wuya. A yankin Irpiniya, inda Kaposele yake, ruwan a cikin dutse yake tafiya, kai kuwa ba ka da wannan gata, sai ka hau ta sama. Nan ne ake sanin amfanin ƙaramar giyar keke. Za ka wuce garuruwan da girgizar ƙasar 23 ga Nuwamba 1980 ta ragargaza, wadda ta kashe mutane kusan dubu uku, shi ya sa gidaje da yawa sababbin gini ne. Daga nan sai Basilikata, inda dutsen Vulture yake tsaye, tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, gonakin inabi sun rufe gefensa. Sai Venosa, garin mawaƙin nan.

Shirun da ke jawo baƙi zuwa wannan yanki yana da dalili, kuma dalilin ba mai daɗi ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen nan suke barin gida, wasu Amurka da Ajantina, daga baya Jamus da Siwizalan da masana'antun Torino da Milan. Ka shiga ƙauye da hantsi, dattawa ne zaune a dandali, makarantar firamare an rage azuzuwa, ƙofofi da yawa da kwaɗo. Duk wanda ya san ƙauyen da samarinsa suka tafi cin rani ba su dawo ba zai gane abin da yake gani. Kuma a ƙarshen lokacin zafi, a filayen tumatir na kusa da Venosa da wajen Fojiya, za ka haɗu da wasu masu keken da ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. 'Yan Afirka ta Yamma ne, daga Gana da Burkina Faso da Mali da Najeriya, suna tafiya gona da asuba kan tsofaffin kekuna. Aiki ne mai tsanani, kuma 'yan kamasho masu tara leburori sun daɗe suna zaluntarsu, har Italiya ta tsananta doka a kan haka a 2016. In ka gan su, ka yi sallama.

Bayan nan ƙasa ta buɗe. Wannan ita ce Murjiya, faffaɗan tudu na dutse da ciyawa, garken tumaki nan da can, ba inuwa. A kan wani tsauni za ka hango Kastel del Monte tun daga nesa, gini mai kusurwa takwas da hasumiya takwas, wanda Sarki Farederik na Biyu, mai mulkin tsibirin Sisili da kudancin Italiya, ya sa aka gina wajen 1240. Shi ne a bayan kwandalar santi ɗaya ta Italiya. Sarkin nan ya kwaso Musulmin Sisili ya zaunar da su a garin Luchera, arewa da nan, suka zauna har 1300 da aka tarwatsa su. Kafin su ma, Bari ta taɓa zama ƙarƙashin sarakuna Musulmi daga 847 zuwa 871. Wanda ke da kwana ɗaya rara, ya ratsa kudu ta Altamura, garin burodi mai kauri da ke kwana da kwanaki bai lalace ba, ya leƙa Matera, inda aka sassaƙa gidaje cikin jikin dutse.

Amma a ganina zuciyar tafiyar ita ce kwarin Itiriya, tsakanin Lokorotondo da Chisternino da Chelye Mesapika. Nan aka fara gyara hanyar sosai. Ku kalli wannan hoton da kyau. Ƙasa ja jawur. Katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka, dutse ne kawai ya riƙe ɗan'uwansa. Bayan katangar itatuwan zaitun da ɓaure, sai ga wasu ɗakuna masu rufin dutse mai tsini, kamar an kifa malfa a kan rumbu. Su ne ake kira turulli, kuma na garin Alberobello sun shiga jerin kayan tarihin UNESCO a 1996. Kana tafe sai hanya ta matse, katanga hagu da dama, ka duba ƙasa ka ga ashe kana kan gada, gonaki suna can ƙarƙashinka. Ruwan da ya baro Kaposele yana gudu a ƙarƙashin tayarka.

Ga abubuwan da mai niyya zai riƙe. Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba, su ne lokacin zuwa. A Yuli da Agusta zafi yakan kai digiri 40, ga Murjiya ba wurin fakewa. Daga ƙarfe ɗaya zuwa wajen huɗu na rana shagunan ƙauye a rufe suke, a sayi guzuri da safe. Taya mai ɗan faɗi ta fi siririya saboda tsakuwa, kuma kada a manta da kayan faci. Manyan fararen karnukan makiyaya aikinsu gadin tumaki ne. In sun taso, ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka wuce a hankali. Batun abinci kuma a kula: sanannen naman da ake gasawa a Chisternino da busasshen naman Martina Faranka na alade ne. Ka ce "senza mayale", wato ban da alade. Akwai faten wake da ganye, da taliyar orekiyete mai kama da ƙaramin kunne, da cuku da man zaitun. Ruwa kuwa, a dandalin kusan kowane gari akwai famfon baƙin ƙarfe irin na kamfanin da ke kula da magudanar, wanda aka fara kafawa tun 1914. Ka cika gorarka kyauta.

Daga Itiriya zuwa kudu tuddai suna kwantawa, ka shiga Salento. A nan ido zai ga abin tausayi: gonakin zaitun da suka bushe tsaye, toka-toka, saboda wata ƙwayar cuta mai suna Silella da aka gano a 2013, ta kashe miliyoyin itatuwa, wasu sun girmi kakannin masu su. Manoma sun fara dasa irin da ke jure mata.

A Santa Mariya di Leuka bututun ya ƙare. A 1939 aka gina wani babban magangarin ruwa na dutse a wurin, da matakala hagu da dama, daga kan tudu har zuwa tashar jiragen ruwa. Yawancin kwanaki a bushe yake, lokaci-lokaci ake sako masa ruwa, galibi da dare a lokacin zafi. Mai son ya gani da idonsa sai ya tambayi mutanen garin ranar da za a buɗe, ya daidaita isowarsa da ita.