Dabba tana da hakki a kanmu? Lacca kan masu fafutukar kare dabbobi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. Na can baya, kuna jina? To, madalla.

Kwanan baya ina kan hanya sai muka tarar da tirelar shanu ta lalace a gefen titi. An lodo su daga kara za a kai su kudu, an ɗaure ƙahonninsu a jikin katako, wani sa ya durƙusa saura suna taka shi, rana kuma ta take tsaka. Duk mutanen motarmu ba wanda ya ce uffan, har ni. Da Bature ɗan fafutukar kare dabbobi ne ya gani, da ya ɗauki hoto ya tada ƙura. Mu kan yi wa irin waɗannan mutane dariya, mu ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Yau ina so mu ajiye dariyar mu ji hujjarsu tukuna.

Tushen maganar a Ingila yake. A shekarar 1789 wani masanin falsafa, Jeremy Bentham, ya rubuta cewa abin tambaya game da dabbobi shi ne ko suna jin azaba. Batun ko suna tunani ko suna magana bai shigo ciki ba. A 1822 wani ɗan majalisa daga Ireland, Richard Martin, ya sa aka zartar da dokar hana cin zalin shanu da dawakai, bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda Sarauniya Victoria ta ba lambar sarauta a 1840. Waɗannan ba su hana cin nama ba. Cewa suka yi ka hau dokinka, ka yanka sanka, amma kada ka gallaza musu. Wannan ɓangare shi ne na masu neman kyautatawa, kuma har gobe su ne mafi yawa.

Rikicin ya taso ne a 1975, lokacin da Peter Singer, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fitar da littafinsa Animal Liberation. Ku saurara da kyau, don nan ne gizo ke saƙar. Singer ya ce: me ya sa muke ƙyamar wariyar launin fata? Saboda zafin bulala a bayan baƙi daidai yake da zafinta a bayan fari. To, in ji shi, zafin wuƙa a wuyan sa fa? In ka ce zafin sa ba ya cikin lissafi don kawai shi ba ɗan Adam ba ne, ka yi wariyar jinsin halitta ke nan. Wani masani a Oxford, Richard Ryder, shi ya fara laƙaba wa abin suna a 1970. In ka ce ai mutum yana da hankali, sai Singer ya ce maka jariri ɗan kwana bakwai bai kai kare wayo ba, amma ba ka yarda a yi gwajin magani a kansa. Ashe ba hankali ne ma'auninka ba.

Wani ya ɗaga hannu. Bari, ɗana, za mu zo tambayoyi.

A 1983 Tom Regan, Ba'amurke, ya ce Singer ma bai kai ba. Shi Singer lissafi yake yi, a auna azaba da amfani, in amfanin ya rinjaya a iya yarda. Regan ya ce sam: dabba mai rai ce, rayuwarta tata ce, tana da daraja ko ta amfane ka ko ba ta amfane ka ba. A wurinsa faɗaɗa keji ba ya wadatarwa, a buɗe shi kawai. Cikin masu irin wannan ra'ayi ne ake samun waɗanda ba sa cin nama, ba sa shan nono, ba ƙwai, ba zuma, ba takalmin fata. Ƙungiyarsu ta farko Donald Watson ne ya kafa ta a Ingila a 1944. Ƙungiyar PETA ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, kan wannan layi take. Akwai kuma 'yan ta-kife, waɗanda tun 1976 suke fasa ɗakunan gwaje-gwaje da dare suna sakin dabbobi, wani lokaci har da cinna wuta. Da yawansu sun sha ɗauri.

Kafin ku ce sun haukace, ku san abin da idonsu ya gani. A da, a gonakin kaji na Turai, kaza mai ƙwai takan ƙare rayuwarta a kejin da bai kai fallen takardar da ake buga wasiƙa a kai ba. 'Yan tsaki maza kuwa, tunda ba sa ƙwai, ranar da aka ƙyanƙyashe su ake hallaka su. Matsin lambar 'yan fafutuka ne ya sa Tarayyar Turai ta hana irin wancan keji a 2012, Jamus kuma ta hana kashe 'yan tsakin daga 2022.

Ni dai ban bi Regan ba, kuma ga dalilina. Mutumin da ke zaune a birnin da kanti ke cike da kayan lambu rani da damina, shi ke iya cewa kowa ya bar nono. Je ka faɗa wa Bafulatani ko Buzu a arewacin Tawa, inda ƙasa ba ta fid da gero sai ciyawa, kuma ciyawar ba ta zama abinci sai ta bi ta cikin saniya ko raƙumi. Sannan mu Musulmi an halatta mana yanka, layya ma ibada ce. Amma tambayar Bentham ta kama mu dumu-dumu, domin addininmu ya riga shi yin ta. Alƙur'ani a Suratul An'am ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Kowa a ɗakin nan ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Hadisin Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ka yanka ka wasa wuƙarka ka hutar da dabbar. Malamai sun hana a wasa wuƙa a gaban idonta, sun hana a yanka wata tana kallo. Yanzu don Allah, wa ya leƙa kwata kwanan nan?

Ina sane da cewa maganar takan zama makami. A Beljiyam, yankuna biyu sun hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba a 2019, Musulmi da Yahudawa suka kai ƙara, kotun Tarayyar Turai a Disambar 2020 ta ce dokar ba ta saɓa wa dokokin Tarayyar ba. Wasu da suka goyi bayan dokar tausayi ne ya motsa su, wasu kuwa ƙin baƙi ne suka rufe da rigar tausayi. Sai dai laifi tudu ne, kuma namu tudun jaki ne. A China ana dafa fatar jaki a yi wani magani da ake kira ejiao, sai fatake suka bazama kasuwanninmu suna kwashe jakuna, ana kora su tafiya mai nisa ba ci ba sha, tunda fatar ake so, ƙiba ba ta dame su ba. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Cikin masu matsa lamba har aka kai ga haka akwai irin ƙungiyoyin Turawan nan da muke yi wa dariya, kuma wadda ta fi cin moriyar hanin ita ce matar ƙauye da jakinta ke ɗauko mata ruwa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Ɗana mai hannu a sama, bismillah.