Damfarar da Ake Yi wa Masu Zane ta Intanet: Laccar da Aka Gabatar a Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum. Dattawa, iyayenmu mata da 'yan'uwa masu sana'ar hannu, ina yi muku barka da zuwa.

A da, mai son hoton zane ko zayyanar allo ko jakar fata yakan tako da ƙafarsa har rumfarku a kasuwar masu sana'a ta nan Marwa, a yi ciniki ido da ido, ya ba da kafin alƙalami. Yanzu kuwa saƙo ne yake shigowa ta Facebook ko Instagram ko WhatsApp daga mutumin da ba ku taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ta wannan ƙofa 'yan damfara suka shigo mana.

Wani ɗalibina mai zanen fuska da fensir ya zo mini bara, idonsa ya yi ja. Wani ne ya turo masa hoton tsohuwa, ya ce mahaifiyarsa ce, yana son a zana ta. Yaron ya faɗi sefa dubu 30, mutumin ya amince nan take ba tare da ya yi tayi ba, alhali kun san a garin nan ko tumatir ba a sayensa sai an taya. Jim kaɗan sai ga saƙo a wayarsa cewa dubu 130 sun shigo, sai ga kira kan kira, ana rantse-rantse cewa kuskure aka yi, rarar kuɗin maganin tsohuwar ce, don Allah a mayar. Tausayi ya kama shi, ya tura dubu 100 daga kuɗin adashinsa. Da ya miƙo mini wayar, na ga saƙon daga lambar mutum ya fito, an kwaikwayi rubutun kamfanin tura kuɗi ta waya ne kawai, ko sisi bai shiga asusun ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da kirkinsa aka cuce shi.

Saboda haka nake roƙonku, kada saƙo ko hoton rasit ya zame muku hujja. Ku danna #150# idan Orange Money ne, ko *126# idan na MTN ne, ku ga abin da ke ciki da idonku. Lambar sirri kuma ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Masu cewa suna Faransa ko Amurka nasu salon daban ne. Wani zai turo imel na bogi mai tambarin PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ya ce an riƙe kuɗinku sai kun biya wani abu kafin a sake su. Tun da kasuwar NFT, wato shaidar mallakar zane da ake saye da sayarwa a intanet, ta bunƙasa a 2021, wasu kan yi ta zuba yabo, su ce za su sayi zane da tsada mai ruɗarwa, amma sai kun fara biyan kuɗin rajista a wani shafi da su ne suka ƙirƙira shi. Akwai kuma mai turo adireshin shafi da sunan samfurin aikin da yake so, kuna shigar da kalmar sirri ya ƙwace shafin da kuka yi shekaru kuna tara mabiya a kansa, ya koma yana damfarar abokan cinikinku da sunanku. Duk inda mai saye ya nemi kuɗi su fito daga aljihunku zuwa nasa, a nan ya kamata ciniki ya mutu.

Kamaru tana da doka kan laifukan intanet tun ranar 21 ga Disamba 2010, akwai kuma hukumar ANTIC mai kula da fasahar sadarwa da tsaron intanet, amma kunya takan sa mutanenmu su haɗiye abin su yi shiru. Wanda abin ya same shi kada ya goge komai: ya adana saƙonnin da lambar wayar da lambar shaidar tura kuɗin, ya sanar da kamfanin a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma, sannan ya faɗa wa abokan sana'a, domin lambar da ta ci shi a Marwa tana iya kiran wani a Garwa washegari.

Yanzu zan saurari tambayoyinku, a fara da ɓangaren iyayenmu mata.