Darasi: Karanta Wasan Kwaikwayo Mai Ban Tsoro da 'Yan Ƙaramar Sakandare

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana, barkanmu da sake haɗuwa. Yau wasan kwaikwayo mai ban tsoro za mu ɗauka, yadda ake karanta shi da 'yan aji biyu ko uku na ƙaramar sakandare. Na ɗauka kowa ya zaɓi wasansa ya raba wa yara, kun kuma yi maganar jigo da taurari tun zangon baya, don haka ba zan koma can ba.

Ga nawa kwafin, bari in matso da shi. Kun ga layukan da na ja wa layi da jan biro? Bayanan cikin baka ke nan, waɗanda marubuci ya rubuta wa masu wasa: fitila ta mutu, an ƙwanƙwasa ƙofa, kowa ya yi shiru. A nan na daɗe ina tuntuɓe. Shekarun farko da na fara koyarwa, sai in raba wa yara taurari, kowa ya karanta maganarsa, cikin bakan nan kuwa mu tsallake shi. Karatun ya fito kamar sanarwa, yara na hamma. Ashe tsoron duk a cikin bakan yake zaune. Saboda haka yanzu yaro guda nake warewa, ba shi da wani tauraro, aikinsa karanta cikin baka kaɗai, a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. In ya ce "shiru", to shirun za a yi da gaske. A ƙirga biyar a zuci. A'a, tsaya, ku fara da uku. Biyar ta yi tsawo a karon farko, wani zai fashe da dariya. In ma an yi dariyar kada ku tsawata, fargaba ce ke neman hanyar fita. A maimaita wurin kawai.

To, an karanta, tsigar jiki ta tashi. Sai nazari. Tambayar da na fi so ita ce: a wannan fitowa, wa ya san me? Ku ɗauki wasan Macbeth na Shakespeare misali. A wurin liyafa fatalwar Banquo, abokin Macbeth da shi Macbeth ɗin ya sa aka kashe, ta zo ta zauna, Macbeth kaɗai ke ganinta, baƙi na kallonsa yana magana da kujera. Ku tambayi yara, wa ya fi shiga tashin hankali, mai gani ko marasa gani? Za ku sha muhawara. Sannan kisan da Macbeth ya yi wa sarki Duncan ba a nuna shi a dandamali. Abin da muke samu shi ne hannu da jini, sai bugun ƙofa. Tsoffin Girkawa ma galibi haka suke yi, wani ne zai shigo ya ba da labarin abin da ya faru. Akwai masu bin ɗaya hanyar, kamar gidan wasan Grand Guignol na birnin Faris, da ya yi aiki daga 1897 zuwa 1962, wanda ya shahara da nuna jini ƙiri-ƙiri. Ni dai irin wannan ba na kawo wa ɗan shekara 12 ko 13, kuma abin nazarin ma ya fi yawa a wasan da ya ɓoye.

Yanzu allo. Ku ja layi, ku jera fitowa-fitowa a ƙasa, kowane yaro ya ba kowace fitowa maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon faɗuwar gabansa. Amma duk wanda ya ce 5, sai ya ɗora yatsa kan layin da ya jawo hakan. "Malam, akwai ban tsoro" ba na karɓarsa. Wace kalma? Wane sauti? Me aka hana mu gani? Na shirya takardar aikin nan tsaf, da gurbin maki da na hujja, tana ƙasan bidiyon nan, ku sauke ku buga, ku tura wa abokan aiki su ma.

Af, na kusa mantawa, da wannan ya kamata in fara. Kafin ranar karatu ku faɗa wa yara irin wasan da ke tafe, ku kuma lura da fuskoki. Na taɓa samun wata yarinya da ta yi tsuru-tsuru, ta toshe kunnuwa tun fitowa ta biyu. Ban fitar da ita ba. Na kira ta gefe na ce, "Ke za ki riƙa yi mana bugun ƙofa a kan tebur." Da sautin ya dawo hannunta, ita ke zaɓar lokacin da gaban ajin zai faɗi, har tana jinkirta bugu na uku da gangan. A makon ta rubuta shafi guda kan dalilin jinkirin.

Mako mai zuwa za mu ga yadda yara za su rubuta tasu fitowar, shafi ɗaya, taurari biyu, ba a yarda dodo ya fito ba. Ku zo da jan biro.